Lokacin da Gini Ya Tsaya a Agege

A Agege aka haife ni, a wani gidan haya da ke bayan layin dogo. A nan na girma, a nan kuma na yi aure. Maigidana ba ɗan Legas ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau ya zo ci-rani tun yana saurayi, ya fara da ɗaukar kankare a ka, ya koyi jera bulo, har ya kai matsayin da ake damƙa masa gini shi ya nemo ma'aikata. Duk shekarun da ya yi a garin, Yarabanci bai shiga kansa ba, sai gaisuwa da ɗan Turancin wurin aiki. Ni kuwa da Yarabancin na buɗe baki, kamar yawancin 'ya'yan unguwarmu. Ko faɗa zan yi da mai tattasai a kasuwa, da Yarabanci nake yi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, asirinmu a rufe yake. Akwai wani Alhaji, dillalin shanu a mayanka, da ya gano gini ya fi shanu kawo riba. Sai ya sayi fili ko tsohon gida, ya gina, ya sayar, ya sake sayen wani. Maigidana ne ke yi masa ginin. Kafin a gama shafe wannan, an riga an haƙa harsashin wancan. Ni kuma nawa aikin abinci ne: shinkafa da wake da mai da yaji, wata rana da taliya, in sauke da hantsi, a ɗora mini a baro a tura har wurin aiki.

Wanda bai taɓa wuni a wurin gini ba, ba zai san yawan bakunan da ke ci daga bango ɗaya ba. Akwai direban tifa, wani Bayarabe mai surutu, da ke kawo yashi da tsakuwa. Akwai mutanen Nijar da ke turo ruwa a kura, jarka a kan jarka, tun safe har la'asar. Leburorin kuwa yawanci samari ne daga ƙauyukan arewa, sun gama girbi sun zo neman abin da za su koma da shi kafin shuka. Sai kafintan, wani Kirista daga Filato, aminin maigidana. Hausarsa tana ba mu dariya, shi ma yana dariyar tawa, yana cewa rabinta Yarabanci ce. Duk waɗannan a gabana suke tsugunawa da kwanukansu.

A ƙarshen daminar wannan shekarar Alhaji ya fara aikin da ya fi duk na baya girma: bene ne, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, a bakin wani titi da ba shi da nisa da tasha. Ranar da aka zuba kankaren saman shagunan sai da na kira maƙwabtana mata su taya ni girki, don an ƙaro leburori. Suna hawa suna sauka da kwano a ka, suna ihu suna tsokanar juna, maigidana yana tsaye a sama yana faɗa da masu kwaɓi, wai sun cika yashi, a ƙara siminti. Da ya dawo gida ƙafafunsa fari fat, ya zauna a bakin ƙofa yana wanke su, ya ce da ni:

"In aka gama wannan, mu ma fili za mu nema. Ko can bayan gari ne, ko ɗaki biyu ne, in gina da hannuna mu huta da haya."

Na ce Allah ya nuna mana. Har na fara raya inda zan sa murhu.

Ba a daɗe ba sai aka yi rikicin nan na kasuwar Mile 12. Faɗan bai iso Agege ba, amma mun ga waɗanda suka gudo, 'yan dako da masu tumatir da albasa, wasu ko takalmi babu a ƙafarsu. Suka cika masallatai da zaurukan 'yan'uwa. Daga nan hankalin mutanenmu bai sake kwanciya ba. Da an ɗan samu lafawa, sai a ji ta tashi a wata unguwar. Maza suka fara tura mata da yara arewa a motocin da suka kawo shanu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tara gida a Agege, sai ka ji ya ce a nemo masa mai saye, ko nawa ne, shi dai ya karɓa ya tafi. A lokaci guda kuma aka ce wasu manya da suka ci moriyar mulkin soja, yanzu hanyar ta toshe, su ma sun fara fitar da gidajen da suka tara.

Sai gida ya yi yawa a kasuwa, mai saye ya yi ƙaranci. Waɗanda ke da kuɗin ma suka naɗe hannu. Don me mutum zai saya yau, alhali ya ga na jiya ya fi na yau tsada? Dillalai suna ta kai-komo da makullai a aljihu, kowa suka kai sai ya zagaya, ya taɓe baki, ya ce zai yi shawara.

Wata rana da hantsi Alhaji ya zo wurin aiki. Bai tsokani kowa ba kamar yadda ya saba. Ina zuba wa wani lebura wake na ji ya ce da maigidana:

"Malam, a dakata haka."

"A dakata da me, Alhaji? Lintar ƙofofi da tagogi muke shirin ɗaurawa a sama."

"Da aikin gaba ɗaya. Gidajen nan da ka gama mini, har yau a kulle suke. Wanda ya zo tayi, abin da yake faɗa ko siminti da rodin da na zuba bai mayar ba. Da me zan ci gaba?"

"To ko rufi a yi, Alhaji, kada ruwa ya same shi a buɗe."

"Kwanon rufin kyauta ake bayarwa? Ka yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Kasuwa za ta dawo."

Ranar ma'aikata suka ci abinci shiru, kowa ya tattara shebur ɗinsa ya tafi.

Da farko mun ɗauka matsalar Alhaji ce shi kaɗai. Maigidana ya zagaya wurin duk waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Ko'ina magana ɗaya ce. Wanda ya kai ginin taga ya tsaya a taga, wanda ya sayi bulo ya bar shi a jibge ciyawa tana fitowa a tsakani. Mai buga bulo na layinmu ya sallami yaransa ya kulle injin. Direban tifa na gan shi wata rana yana rataye a ƙofar danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, yana kiran fasinja, da ya gan ni ya kau da kai. Samarin ci-rani wasu suka koma gida hannu wofi, wasu suka koma dako a kasuwa, inda dama 'yan dakon sun fi kayan yawa.

Ni ma na ji a jikina. Tukunyar da nake cikawa har ta yi tozo na koma dafa rabinta, daga baya na ajiye ta na ɗauko ƙarama. Matar da nake sayen tattasai a wurinta ta tare ni a kasuwa ta ce, ko wata na koma wa? Na ce ina fa, masu cin ne babu. Ta ce mai gawayi ma haka ya gaya mata, telan layinsu ma haka, an kusa salla amma keken ɗinkinsa a rufe. Muka tsaya muna jajanta wa juna a tsakiyar hanya har mai baro ya daka mana tsawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne haya. Kullum ana cewa gidaje sun yi araha, sun faɗi warwas. Sai na samu mai gidanmu, wani tsohon Bayarabe da ya san ni tun ina yarinya, na durƙusa na gaishe shi na ce:

"Baba, an ce gidaje sun yi sauƙi. Ba za a ɗan sassauta mana ba?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce: "'Yata, gidan saye ne ya yi sauƙi. Ke saye za ki yi?"

Arahar ta mai kuɗi ce. Mu dai abin da ya iso gare mu daga faɗuwar gidaje shi ne rashin aiki. A rediyo kuwa ba abin da ake ta maimaitawa sai romon dimokuraɗiyya, wai talaka zai sha. In na ji sai in kashe rediyon, don kada in jefa shi a kwata.

Maigidana ya koma tsayuwar bakin titi. Akwai wata mahaɗa da masu aikin hannu ke taruwa da sassafe, kowa ya ajiye kayan aikinsa a gabansa yana jiran wanda zai zo ɗauka. Mutumin da a da shi ke zuwa can ya nuna wannan ya nuna wancan, yanzu shi ne tsaye da cokalin gini da igiyar awo, kafaɗa da kafaɗa da yaran da ya koya wa aiki. Mota ta tsaya sai su yi caa a kanta. Shi ba ya iya turereniya, sai ya tsaya daga baya, har a gama zaɓe. In an dace ya samu gyaran masai ko toshe ɓarakar katanga. In ba a dace ba, rana ta yi zafi ya dawo.

Amma ba gida yake dawowa kai tsaye ba. Sai ya biya ta benen Alhaji. Ya cire ciyawa, ya kwashe sharar da aka zuba, ya kori masu shiga su yi bayan gida a cikin shagunan. Rodin da ke tsaye a sama ya fara tsatsa, ya samo tsohon baƙin mai yana shafa musu. Wannan abu ya riƙa ba ni haushi ƙwarai.

Ƙanena, wanda ke okada, ya ce zai iya samo wa maigidana babur ya riƙa fita da shi. Na kawo masa maganar ina murna. Ya dube ni ya ce:

"Ni da furfurata in hau babur ina bin mutane ina oga ina za ka? Ban san lungunan garin nan ba, ba na jin yarensu. So kike a kawo miki gawata?"

"To gadin gidan wani da kake yi ba ko sisi, shi ne aiki?"

"Alhaji ya ce kasuwa za ta dawo."

"Alhaji yana da shanu, Maigida. Kai me kake da shi?"

Ya ɗauki buta ya fita. Yanzu in na tuna na san yana da tasa gaskiyar, amma a lokacin ni ce ke tsayawa gaban yara uku in raba musu abin da bai isa biyu ba.

Na gwada kai abinci bakin tasha. Wurin yana da masu shi, mata da suka daɗe a can, ga kuma 'yan tasha da ke zuwa su ci su share baki su wuce, in ka yi magana su ce ka tashi daga wurin. Na jure na ɗan lokaci, na ga wahalar ta fi abin da nake samu, na koma soya ƙosai a ƙofar gida.

Damina ta zo ta wuce a kan ginin nan, wata ta sake zuwa. Bangon sama ya yi baƙi, gansakuka ta hau matakala. Sai wata rana Alhaji ya aiko a ce wa maigidana an samu mai saye, ya zo gobe da safe. Ban taɓa ganin farin cikinsa irin na ranar ba tun da aka tsai da aiki. Ya aika aka gaya wa kafinta. Ya fito da kaftaninsa na Juma'a ya ce in goge masa. Ya ce:

"An ce Bayarabiya ce. Ki shirya mu je tare ki yi mini tafinta. Zan nuna mata abin da ya rage, ta san ba wani abu ba ne mai yawa. In ta yarda, sati mai zuwa ki ɗauko babbar tukunya."

Muka tarar da Alhaji da dillali suna tsaye. Alhaji ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Can sai ga mai sayen, wata Alhaja mai jiki, da ɗan'uwanta ko direbanta, ban tambaya ba. An ce manyan motocin dako gare ta. Na durƙusa na gaishe ta da Yarabanci, ta amsa da fara'a, har ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Daga nan ta shiga zagaya. Na lura ba bangon take kallo ba. Tana auna faɗin titi da ido, tana tambayar dillali ko tirela za ta iya juyawa a nan, ko ruwa yana kwanciya ta baya.

Maigidana ya taɓa ni ya ce: "Ce mata mu hau sama ta ga ɗakunan."

Na faɗa mata. Ta dube ni da mamaki, ta dubi Alhaji, sannan ta ce ai ba sai ta hau ba, ita fili ta saya. Ginin sauke shi za a yi, ta zagaye wurin da katanga ta riƙa ajiye motocinta.

Alhaji yana jin Yarabanci, dillali ma haka. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake ciki, ban da mutum ɗaya, shi kuwa yana tsaye yana murmushi cikin gogaggen kaftani yana jiran in yi magana. Na dubi Alhaji ko zai ɗauke mini wannan nauyin. Ya sunkuyar da kai yana ture wani dutse da takalminsa. Na ji kamar in kama rigarsa in girgiza shi.

"Me ta ce?" in ji maigidana.

"Ta ce ba gidan take so ba, filin take so. Rushe shi za ta yi ta ajiye motoci."

Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Can ya ce: "Tambaye ta, ta ga tsaga a jikinsa? Ta duba ko'ina, in ta ga tsaga ɗaya ta nuna mini."

Na tambaye ta. Alhaja ba muguwar mata ba ce, ta gane abin da ke faruwa. Ta sassauta murya ta ce:

"'Yata, gaya wa mijinki aikinsa ba shi da aibu, ko makaho ya shafa ya san an yi gini. Amma a layin bayan nan akwai gida gamamme, da rufinsa da ƙofofinsa da rijiyarsa, ana roƙona in saya a ƙasa da abin da zan kashe kafin in ƙarasa wannan. To don me zan ƙarasa? Ni 'yar kasuwa ce."

Na mayar masa da maganar kamar yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Sai dillali ya tsoma baki, yana washe haƙora, ya ce ai faɗuwa ta zo daidai, Alhaja tana neman wanda zai sauke ginin a hankali don a tsira da rodi da bulo a sayar, wa ya fi wanda ya gina sanin inda zai fara? Maigidana ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya kama hanya. Alhaji yana kira, "Malam! Malam!" ko waiwaye bai yi ba. Ni aka bari in ba da haƙuri.

A gida muka yi ta da shi. Na ce ginin nan ko ya karɓa ko bai karɓa ba sauke shi za a yi, gara kuɗin aikin ya shigo gidanmu. Ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba zai ɗora guduma a kan bangon da ya jera ba. Na ce ai ba shi kaɗai yunwar za ta kashe ba. Na faɗi maganganu masu zafi, shi ma ya faɗa, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kwashe yaran.

Bayan la'asar sai ga kafinta da wasu daga cikin tsofaffin ma'aikatansa, labari ya kai musu. Suka zauna a tabarma a ƙofar ɗaki. Ba wanda ya so ya fara, sai kafinta ya ce:

"Ɗan'uwa, ni ma katakona yana cikin wannan gini, ni ma ciwon yana nan. Amma duba yaran nan. Wannan matarsa ta haihu, ko ragon suna bai yanka ba. Wancan yana so ya koma gida, kuɗin mota ya gagara. In kai ba ka karɓa ba, dillali zai kawo wasu daga wani wuri, mu kuma mu tsaya muna kallo. Ka karɓa don mu."

Daga ƙarshe maigidana ya ce su zo jibi da safe, kowa ya nemo guduma da diga.

Haka na koma kai abinci wurin. Ga mutane ga aiki, ga ƙura ga ƙara, amma babu mai tsokanar wani. Daga sama suka fara, suna cire bulo ɗaya-ɗaya suna miƙowa ƙasa, waɗanda suka fita lafiya a jera gefe, masu saye suna zuwa suna ɗiba a baro don gyaran bayi da katanga. Da aka iso kankaren saman shaguna sai aiki ya tsaya cak. Guduma tana sauka tana dawowa, hannuwa suka farfashe. Wani lebura da ya gaji ya jefar da tasa ya ce:

"Wai don Allah wane mara imani ne ya kwaɓa wannan kankaren?"

Aka fashe da dariya, har kafinta yana riƙe ciki. Maigidana bai yi dariyar ba. Ya karɓi gudumar ya hau ya ci gaba da duka shi kaɗai, har sai da sauran suka ji kunya suka tashi. Kullum in na zuba masa abinci sai ya ɗauka ya koma bayan tarin bulo, ya juya wa ginin baya sannan ya ci.

Alhaji sau ɗaya ya biyo ta wurin, a mota, bai sauko ba. Ba da daɗewa ba muka ji ya sallama sauran gidajen yadda aka taya, ya kwashe iyalinsa ya koma Kano.

Da aka share filin, aikin ya ƙare, muka koma inda muke. Abin da aka samu ya ɗan riƙe mu, amma ba a kira maigidana wani ginin ba. Kafinta ne ya zo da labarin cewa a Abuja ana gini ba dare ba rana, ana neman hannu. Maigidana bai yi shawara da ni ba sosai, ni ma ban hana ba. Ranar da za su tafi can shi da kafinta, na raka su tasha. Kafin mota ta tashi ya ce in kula da yara, da ya samu wuri zai aiko. Na ce to. Raina a ɓace yake, amma na rasa da wa zan yi fushin: da shi, da Alhaji, da masu tada rikici, ko da masu kuɗin da suka zauna suna jira sai da kowa ya durƙusa sannan suka saye unguwar.

Don kuwa sun saye. Ba a jima ba gidaje suka fara tashi, har suka wuce yadda suke a da. Waɗanda suka sayar da nasu cikin tsoro, wasu sun dawo da ƙura ta lafa, suka tarar ko ɗaki ɗaya a gidan da yake nasu ba za su iya kamawa ba. Gini ya dawo Agege, amma magina da yawa sun riga sun watse, wasu suna kan babur, wasu suna gona.

Maigidana ya yi kusan shekara a Abuja kafin ya aiko mu taho. Ya kama ɗaki a Mararaba da ke gefen Abuja, a wani gida da ba a gama ba, babu silin, tagar ma buhu aka rataya. Na bar mahaifiyata a hannun ƙanena tana kuka, na bar ƙawayen da muka tashi tare, na shiga mota da yara da kayan ɗaki a ɗaure a buhuna. Muka wuni muna tafiya.

A Mararaba ba wanda ya san ni. Yarana sun saba in suna wasa su yi ta zuba Yarabanci a junansu, sai yaran maƙwabta suka sa musu 'ya'yan Bayarabiya. Babbar ta dawo wata rana daga makarantar allo tana hawaye, ta ce an ce su ba Hausawa ba ne, su koma garinsu. Na yafa mayafi zan fita in ji uwar wa ta koya wa ɗanta wannan magana. Maigidana yana zaune yana cin abinci, ya ce:

"Dawo ki zauna. Baƙi ne mu a nan, ba mu san kowa ba."

Na ce a Legas an ce mu baƙi ne, nan ma baƙi? Ya ce in dai dawo. Na tsaya a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa na ɗan lokaci, sannan na dawo na jawo yarinyar na share mata fuska.